Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Tarayya: A Kafa Asusun Kwance Tashar Nukiliya Kafin A Haƙa Harsashi

Zuwa ga masu girma Sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, musamman shugabanni da mambobin kwamitocin wutar lantarki, kimiyya da fasaha, da muhalli, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Magana ɗaya ce ta sa muka rubuto: kuɗin da za a kwance tashar wutar nukiliya da shi ranar da ta gama aiki, da wanda doka za ta ɗora wa biyansa. Wani zai ce ina ake ina aka tsaya, ƙasar da ba ta aza ko bulo ɗaya ba tana zancen rushewa? To, tun ran gini ran zane. Najeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya ta NAEC tun 1976, ta farfaɗo da ita a 2006. An ware Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya ginawa. A watan Oktoban 2017 an sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan yarjejeniyoyin shirya aikin. Masar ta fara zuba kankaren tasharta ta nukiliya a El Dabaa a 2022, Ghana ma tana nata shirin. Ranar da kwangilar gini za ta zo, da gaggawa za ta zo, mai ba da bashi na tsaye yana duba agogo, kuma duk sharaɗin da bai shiga doka ba kafin ranar sai dai a roƙe shi.

Dokar da ke hannunmu ta 1995 ce, ita ta haifi hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta NNRA wadda ta fara aiki a 2001. Lokacin da aka rubuta ta ba mu da tukunyar nukiliya ko ɗaya, wato na'urar da ake sa yuraniyom a ciki ya ba da zafi. Wadda muke da ita yanzu, ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta fara aiki a 2004, zafin da take fitarwa a lokacin kuwa kusan kilowat 30 ne kacal. Tukunya ɗaya irin ta El Dabaa ta ninka wannan fiye da sau dubu ɗari. Ga kuma alkawarin da ƙasar nan ta riga ta ɗauka: tana cikin yarjejeniyar duniya ta 1997 kan tsohon makamashin nukiliya da shararsa, wadda sashe na 22 da na 26 suka wajabta wa kowace ƙasa ta tabbatar akwai isassun kuɗi da ƙwararrun ma'aikata na kwance tasha. Yarjejeniyar ta ce a tanadi kuɗi, ba ta faɗi yadda za a tara ko wanda zai riƙe ba. Wannan ku aka bar wa.

Bari mu fara da abin da kuɗin zai saya, don mutane da yawa suna zaton aikin katafila ne. Ranar da aka kashe tukunya kuɗin shiga ya tsaya, kashe kuɗi kuwa na nan. A cikin tukunya irin ta Rasha mai megawat 1,200 akwai dami 163 na sandunan yuraniyom, kuma ko an kashe ta suna ci gaba da fitar da zafi. Ta ƙarƙashin ruwa ake ɗauke su zuwa wani tafki mai zurfi a cikin ginin, su zauna a can kamar shekara biyar ko fiye, famfuna na juya ruwan dare da rana. In wuta ta daɗe ba ta zo wa famfunan ba ruwan zai tafasa ya ƙafe, shi ya sa janaretocin ko-ta-kwana da masu kula da su da jami'an tsaro duk suna nan ana biyansu. In sandunan sun huce sai a rufe su cikin manyan tukwanen ƙarfe da kankare, kowace ta haura tan 100, a jera su a fili mai shinge. Tasha mai wannan girma na fitar da kusan tan 20 na irin waɗannan sanduna a shekara. A lissafa na shekara 60.

Sai kwancewar kanta. Ana fara wanke cikin bututu da sinadarai don rage gubar da ta manne. Kayan cikin tukunya, waɗanda suka sha radiyeshan, wato haskaken nukiliya mai cutarwa da ido ba ya gani, shekara da shekaru har su ma suka koma fitar da shi, ba mai iya tsayawa kusa da su. A ƙarƙashin ruwa ake yanka su da zarto mai aiki daga nesa, ma'aikaci na bin sa ta kyamara. Tukunyar ita kanta ƙarfe ce mai nauyin sama da tan 300. Katangar kankaren da ta kewaye ta, mai kaurin kusan mita biyu, gunduwa-gunduwa ake yanka ta da waya mai haƙoran lu'ulu'u, ana zuba ruwa don kada ƙura ta tashi, ruwan ma sai an tace shi. Bangon ɗakuna ana ɗaye fatarsa milimita kaɗan-kaɗan, a auna, in na'ura ta yi ƙara a sake ɗayewa. Inda siminti ya tsage gurɓataccen ruwa ya bi tsagar, sai an bi shi har inda ya tsaya, kuma ba mai sanin zurfinsa sai an fasa. Kowane guntun ƙarfe da kowane akwatin ɓaraguzai sai ya bi ta na'urar awo an rubuta masa takarda kafin ya fita ƙofa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kayan ba su da wata illa, amma sai an tabbatar da hakan ɗaya bayan ɗaya, kuma nan kuɗin ke tafiya, a albashi da tsawon lokaci. A Greifswald ta tsohuwar Jamus ta Gabas, wadda aka rufe a 1990, kayan da za a bi ta kansu sun kai tan miliyan 1.8. An fara a 1995, har yau ana yi, ƙiyasin ya haura Yuro biliyan 6, kuma baitulmalin Jamus ke biya domin ba a bar wani asusu ba.

Wasu kan ce a kulle tashar a jira. Akwai hujja: ƙarfin kobal-60, sinadari mai fitar da radiyeshan wanda ya fi damun ma'aikata, yana raguwa da rabi duk shekara biyar da 'yan watanni. Amma jira ma kuɗi ne. Rufi zai yi yoyo, gadi ba zai tsaya ba, waɗanda suka san inda kowane bututu ya bi za su yi ritaya ko su rasu. Amurka ta yanke wa'adin shekara 60 daga rufewa. A ganinmu dokarmu ta ɗauki kwancewa ba tare da jinkiri ba a matsayin asali, wanda ke son jira ya kawo hujjarsa ta fasaha, kada rashin kuɗi ya zama hujja.

Abin da tarihi ya nuna a ko'ina shi ne ƙiyasin farko yakan gaza. Tashar Yankee Rowe a Amurka, 'yar ƙarama mai megawat 185, an rufe ta a 1992, kwance ta ya ci kimanin dala miliyan 600, kuma tsofaffin sandunanta na nan a filin ana gadinsu. San Onofre ta Kalifoniya da aka rufe a 2013 an ƙiyasta mata dala biliyan 4.4. Brennilis ta Faransa, mai megawat 70, an kashe ta a 1985, ba a gama da ita ba. A Birtaniya, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ba da rahoto a farkon 2022 cewa ƙiyasin kwance tashoshin da asusun ƙasar na musamman ke ɗauke da su ya kusa ninkawa tun 2004, ya kai fam biliyan 23.5, har sai da gwamnati ta ƙara wa asusun fam biliyan 10.7 daga aljihun masu biyan haraji. Waɗannan ƙasashe ne masu injiniyoyi da akantoci da kotuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: a hannun wa kuɗin zai kwana? Akwai hanya mai sauƙi da kamfanoni suka fi so, wato kamfani ya rubuta a littafinsa cewa ana binsa kaza na kwancewa, kuɗin kuwa yana cikin kadarorinsa yana juya su. Jamus ta bi wannan hanya shekaru masu yawa. A ƙarshen 2014 abin da ke rubuce ya kai kusan Yuro biliyan 38, amma kaso mai yawa na dukiyar kamfanonin tashoshin kwal da gas ne da darajarsu ke faɗuwa. A lokacin ne kamfanin E.ON ya sanar zai rabe biyu ya tura tashoshin nukiliya ga sabon kamfani, kuma a dokar kamfanoni ta wancan lokaci nauyin uwar kamfani kan faɗi bayan shekara biyar da rabuwa. Gwamnati ta farga, ta shirya dokar da ta ɗaure uwar kamfani ko an canza suna ko an sayar. A watan Yulin 2017 kamfanonin suka zuba Yuro biliyan 24.1 tsaba a asusun gwamnati na KENFO don ajiyar shara, har da ƙarin kusan kashi 35 cikin ɗari na kasada, kwance gine-gine kuwa ya zauna a wuyansu. Sun iya biya ne domin kamfanonin ba su riga sun karye ba. A Birtaniya, British Energy ya durƙushe a 2002, shekara shida da sayar da shi, gwamnati ce ta tallabe shi. Faransa ta ɗauki tsaka-tsaki a dokarta ta 28 ga Yunin 2006: kuɗin na hannun kamfani, amma a keɓaɓɓun kadarori da masu bin kamfanin bashi ba za su iya taɓawa ba ko ya karye.

Mu a nan, asusu na waje kaɗai zai yi, kuma kada ya zama wajen kamfani amma cikin aljihun gwamnati. Kun san labarin asusun rarar man fetur da aka buɗe a 2004: ya kai kusan dala biliyan 20, daga baya aka wayi gari bai cika dala miliyan ɗaya ba. Ba sai an kira kowa ɓarawo ba. Kuɗi ne a ajiye, ga buƙata a gaba, ga ba dokar da ta isa ta hana. Asusun kwance tasha zai zauna shekara 60 zuwa 80, zai ga gwamnatoci fiye da goma, kowace da yunwarta. Sashe na 80 na tsarin mulki ya ce kuɗin shigar tarayya na shiga babban asusu, sai wanda dokar Majalisa ta ware wa asusu na musamman. Ke nan takardar umarnin minista ko ƙa'idar hukuma ba za ta wadatar ba, sai doka daga hannunku, wadda za ta ce ƙarara wannan kuɗi amana ce, ba kuɗin shigar gwamnati ba ne, ba ya shiga asusun bai-ɗaya, ba a rabonsa, ba a jinginar da shi, kuma in mai tashar ya karye ba ya cikin abin da masu bin bashi za su raba. Abin koyi na gida yana nan. Dokar fansho ta 2004 ta raba mai juya kuɗi da mai ajiye kuɗi, kuma wannan rabuwar ce ta tsare dukiyar ma'aikata. Dokar man fetur ta 2021, a sashe na 233, ta tilasta wa masu rijiyoyi buɗe asusun amana na rufe rijiyoyinsu. Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce gare ku. Sai dai ta nukiliya na bukatar ƙarin ƙulli.

Yanzu lissafi. Tukunya mai megawat 1,200, in ta yi aiki kashi 90 cikin ɗari na sa'o'i 8,760 na shekara, za ta ba da kusan yunit biliyan 9.5. A yarjejeniyar Turkiyya da Rasha ta 2010 kan tashar Akkuyu an sa santi 0.15 na dala kan kowane yunit don kwancewa, da wani 0.15 don shara. A kan wannan ma'auni kason kwancewa zai ba da kusan dala miliyan 14 a shekara, wato wajen miliyan 850 a shekara 60 kafin a ƙara riba. In dala na naira 1,500, naira 2 da kwabo 25 ke nan kan yunit, alhali masu amfani da wuta na rukunin A na biyan sama da naira 200. Ko an ninka shi, mai mita ba zai ji a jikinsa ba. Nauyin da ba a jin sa in an rarraba shi kan shekara 60, shi ne zai karya kasafin kuɗi in aka bar shi ya faɗo lokaci ɗaya.

Amma wannan lissafin na ƙasar da layin wutarta ke tsaye ne. Namu yakan ɗauki megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma yana faɗuwa sau da yawa a shekara. Tukunya ɗaya za ta zama kusan rubu'in wutar ƙasa, duk sanda layi ya faɗi dole ta sauka. In ta yi aiki kashi 60 cikin ɗari maimakon 90, kason zai koma dala miliyan 9 da rabi a shekara, alhali kuɗin kwancewa bai ragu da ko sisi ba, don tukunyar da ta yi aiki rabi-rabi ta gurɓata kamar wadda ta yi cikakke. Saboda haka doka ta sa adadi na shekara wanda ba ya sauka ƙasa, a biya shi ko kason yunit, duk wanda ya fi yawa. Sannan kowa ya san kamfanonin samar da wuta a ƙasar nan ba sa samun cikakken kuɗin wutar da suka tura. In doka ta ce a cire kason daga abin da aka karɓo, asusun zai gaji bashin kasuwar gaba ɗaya. A lissafa shi kan mitar bakin tasha, a cire shi daga tushe duk wata uku, kafin biyan masu ba da bashi, kafin rabon riba. Masu ba da bashin gini za su nemi a ɗage biyan sai an gama biyansu, shekara 20 ko fiye. Kada ku yarda.

Dalilin ƙin yarda shi ne tasha ba ta da tabbacin kai shekarunta. Rancho Seco a Kalifoniya, ƙuri'ar jama'a ta rufe ta a 1989 tana da shekara 14. Mülheim-Kärlich a Jamus ta yi aikin kasuwanci kusan wata 13, hukuncin kotu ya tsayar da ita a 1988. Tukunya ta biyu a Three Mile Island ta Amurka ta lalace a 1979 bayan wata uku da fara sayar da wuta. Daga ranar da aka kunna tukunya karon farko bashin kwancewa ya hau kusan gaba ɗayansa, asusu kuwa fanko ne. A lissafinmu na sama, in aka rufe a shekara ta 15, abin da aka zuba bai fi dala miliyan 140 zuwa 210 ba. Wa zai cike giɓin? Finlan ta amsa da cewa duk shekara a duba bashin kamar yau za a rufe, abin da bai shiga asusu ba mai tasha ya kawo jingina a kansa. Suwidin na karɓar lamuni iri biyu, ɗaya na kuɗin da ba a gama tarawa ba, ɗaya na abin da ba a zata ba. Birtaniya kuwa, bayan ta sha wuya, ta sa a dokar makamashi ta 2008 cewa ba mai fara ginin sabuwar tasha sai minista ya amince da shirinsa na kwancewa da yadda zai biya, kuma saɓa wa wannan laifi ne. Mu haɗa su: shiri amintacce kafin lasisin gini, kuɗin farko tsaba da garantin babban banki na waje kafin a loda makamashi, garantin na raguwa gwargwadon yadda asusu ke cika. In kamfanin da ke riƙe da lasisi ɗan reshe ne da ba shi da komai sai tashar, kamar yadda aka saba a irin waɗannan ayyuka, sai uwar kamfani ta sa hannu, kuma sa hannun ya bi ta ko ta sayar da hannun jarinta.

Akwai wata ƙofa da kuɗi ke zurarewa ba a ji ƙara ba, ita ce ribar da ake zaton asusu zai yi. A ce ana bukatar dala biliyan ɗaya nan da shekara 60. In aka ɗauka kuɗin zai riƙa haihuwar kashi 2 cikin ɗari a shekara bayan an cire hauhawar farashi, abin da ya kamata a ajiye yau dala miliyan 305 ne. In aka ɗauka kashi 5 ne, sai ya koma miliyan 54. Aiki ɗaya, tasha ɗaya, lamba ɗaya kawai aka taɓa. Shi ya sa hukumar sa ido ta Amurka, a ƙa'idarta, ta tsayar da zaton a kashi 2. Kada a bar wa mai biya ya zaɓi wannan lamba. A rubuta iyakarta cikin doka.

Sai naira. Naira biliyan ɗaya a 2015 ta kai kusan dala miliyan 5. A ƙarshen 2024 ba ta kai dala dubu 700 ba, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Wani ɓangare na aikin da naira za a biya shi: lebura, gadi, siminti, sufuri. Tukwanen ajiya, na'urorin yanka daga nesa da ƙwararrun waje kuwa da kuɗin waje. Ƙiyasi ya raba waɗannan gida biyu, asusu kuma ya riƙe kadarorinsa daidai da rabon. A hana shi sayen hannun jarin mai tashar ko ba shi rance. A sa iyaka kan takardun bashin gwamnatin tarayya da sukuk da zai riƙe, don in duka asusun bashin gwamnati ne, an koma gidan jiya ta ƙofar baya.

Ƙiyasi kansa a sabunta shi duk shekara uku, kamar yadda Faransa da Suwidin ke yi. A bi jadawalin ƙasa da ƙasa na lissafin kwancewa da aka fitar a 2012, don a iya gwada namu da na wasu layi-layi. Mai tasha ya shirya, ƙwararrun da bai biya ba su bincika, a buga sakamakon kowa ya gani, a ajiye kwafi gabanku. In giɓi ya fito, a cike shi cikin shekara biyar. Amurka tana da ma'aunin mafi ƙaranci, dala miliyan 105 zuwa 135 a darajar 1986 ga manyan tukwane, ana ɗaga shi da farashin albashi da makamashi da binne shara. Amma wannan ma'auni bai haɗa da ajiyar tsofaffin sanduna da rushe sauran gine-gine ba, kuma nan ne mutane kan ruɗe su zaci asusu ya cika. Dokarmu ta faɗi inda aikin ya ƙare: fili ne da za a iya noma a kai, ko filin masana'anta? Bambancin kuɗinsu babba ne.

Tsofaffin sanduna su samu asusunsu daban, kada a haɗa. A nan ma Amurka ta bar darasi. Dokarta ta 1982 ta sa kashi ɗaya bisa goma na santi kan yunit, gwamnati ta yi alkawarin fara kwashe sandunan daga 1998. Ramin ajiya na dutsen Yucca bai samu ba, kuɗin ya narke cikin lissafin kasafi, kamfanoni suka kai ƙara suka ci, aka dakatar da karɓar kason a 2014, diyyar da masu biyan haraji suka biya ta haura dala biliyan 10. Za a ce muku mai sayar da makamashin zai kwashe abinsa. Ku nemi a nuna muku a rubuce: nawa ne farashin, wa ke biyan sufuri da inshora, shin sharar da ta rage bayan an sarrafa za ta dawo mana, kuma me zai faru in takunkumi ko yaƙi ya toshe hanya. Har sai an ga wannan, a yi lissafi kamar sandunan a nan za su zauna.

Hukunci ma sai an yi masa tunani. Za a rubuta cewa wanda bai biya ba a janye masa lasisi, amma ba hukumar da za ta kashe rubu'in wutar ƙasa saboda an makara da kuɗin wata uku, kuma mai tashar ya san haka. Hukuncin da zai yi aiki shi ne wanda ba ya kashe fitila: a hana rabon riba nan take, amintattun asusu su ja daga garantin banki ba sai sun je kotu ba, daraktoci su ɗauki alhaki da kansu. Fitar da kuɗi kuma ya zama da sa hannun NNRA, kan aikin da ke cikin shiri. Amurka na barin a taɓa kashi 3 cikin ɗari kawai don tsare-tsare, sai an miƙa rahoton kwancewa a buɗe wani kashi 20, sauran sai an kawo cikakken ƙiyasin wurin.

Ranku ya daɗe, mafi yawan sharuɗɗan irin wannan aiki a yarjejeniyar gwamnati da gwamnati ake ƙulla su, kamar ta Akkuyu, inda aka rubuta lambar a takardar ƙasa da ƙasa. Lambar da aka kafe a yarjejeniya ba ta tashi in ƙiyasi ya tashi, sai an koma teburi da wanda ba shi da dalilin yarda. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a ƙasar nan sai kun mayar da ita. Ku yi amfani da wannan dama: dokar asusu ta riga yarjejeniya, yarjejeniyar kuma ta ce kason zai bi dokar Najeriya yadda take a kowane lokaci. Lituwaniya ta gaji tashar Ignalina daga Tarayyar Sobiyet ba tare da isasshen asusu ba. Da ta rufe tukwanen a 2004 da 2009, Tarayyar Turai ce ta ɗauki mafi yawan nauyin. Mu ba mu da wanda zai ɗaukar mana. Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da abin faɗa: mahaƙar yuraniyom ta Akouta kusa da Arlit ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tsibin shara na kusan tan miliyan 20 da sai an lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu, a kuma riƙa auna ruwan ƙasa shekaru bayan haka. Mahaƙa ce, ba tasha ba, amma tambayar da mutanen Arlit ke yi ita ce tamu: in kuɗin da aka ware ya ƙare aiki bai ƙare ba, wa za a kama?

Roƙonmu shi ne kwamitocinku su kira zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyato NAEC da NNRA da hukumar NERC mai tsara farashin wuta da Ma'aikatar Shari'a da wakilan al'ummomin Geregu da Itu, a fitar da babi na musamman kan wannan asusu a duk ƙudirin da zai sabunta dokar 1995. Kafin nan akwai gwajin da ba zai ci kuɗi mai yawa ba. Tukunyar Zariya ta haura shekara 20 tana aiki. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka mayar da tsohon zuwa Sin da taimakon ƙasashen waje. Ku nemi a kawo muku shirin kwance ta a rubuce, da ƙiyasinsa a naira da dala, da sunan asusun da kuɗin zai fito, a zaman kare kasafin kuɗi mai zuwa.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wasu injiniyoyi, lauyoyi da akantoci masu aiki a fannin makamashi